Mutuwar 'ya'yan agwagwa: Darasin da Zamfara ba ta gama koya ba

A daminar bara na kai wa gwaggona ziyara a wani ƙauye da ke bayan Bungudu. Ina shiga gida na tarar agwagwarta ta sauko daga kwanci da 'ya'ya 14, suna bin ta a tsakar gida. Gwaggo ta riga ta gama lissafinsu. Za ta bar mata huɗu su zama iri, sauran kuma idan sun girma a kai kasuwa, a rage wa jikarta kwanukan aure.

Bayan mako uku na koma. Guda uku na tarar.

Na ce, "Gwaggo, me ya same su?"

Ta ce, "Kai ɗan nan, ɗiyan agwagwa ai haka suke. Uwa ta ƙyanƙyashe da yawa, Allah Ya bar maka rabonka. Har kafso na jiƙa musu, bai yi ba."

Da na matsa da tambaya sai ta ba ni labarin yadda abin ya faru. Biyar sun mutu tun ba su cika kwana biyar ba, cikinsu a kumbure, cibiyarsu a jiƙe tana wari. Sauran sai da suka yi kamar mako biyu, sannan idonsu ya fara ruwa, kashinsu ya koma kore, kansu yana rawa. Daga nan sai ɗan ya faɗi rigingine yana harba ƙafafu sama, kafin gari ya waye ya tafi.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon agwagi a Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, ya san wannan labari. Ya kuma san amsar da ake bayarwa: haka suke.

Ra'ayina shi ne ba haka suke ba. Alamomin da Gwaggo ta lissafa alamomi ne da likitocin dabbobi suka daɗe da sani, na ƙwayoyin cutar bakteriya da ke shiga jinin ɗan agwagwa a makonninsa na farko. Mafi yawan wannan asara ana iya kauce mata, kuma da abin da ke cikin gida. Sauran da ya fi ƙarfin matar gida aikin hukuma ne. Kuma a duk faɗin Najeriya babu jihar da ya kamata ta fi Zamfara ɗaukar mutuwar agwagwa da muhimmanci.

Agwagin da suka ɓace a 2010

A farkon shekarar 2010 agwagi suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutane sun lura agwagin sun ragu, amma ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Ba a jima ba yara suka fara amai da jijjiga suna mutuwa. A watan Maris na shekarar ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta ankarar da duniya, daga baya ƙwararru daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka iso suka gwada jini da ƙasa. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega.

Da CDC ta zo ba da tarihin abin da ya faru, da labarin ɓacewar agwagin ta fara. Agwagwa na kiwo a ƙasar da yara ke wasa a kanta, tana shan ruwan da suke tsomawa hannu. Ita ta fara faɗuwa, ba a saurare ta ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Dalma guba ce, bakteriya kuma cuta ce, ba su da alaƙa. Abin da ya haɗa su shi ne halinmu. A 2010 mun ga agwagi na mutuwa mun ce ba komai. Yau ma muna ganin 'ya'yansu na mutuwa a kowace damina muna cewa haka suke. Alhali ruwa ba ya tsami banza.

Yadda cutar ke shiga jini

Agwagwar da ta fi yawa a gidajenmu, mai jar fata a fuska, asalinta daga Kudancin Amurka take. Tana kwanci na kwana 35 kafin ta ƙyanƙyashe, saɓanin kaza da ke yin 21. Wato ƙwanta na yin mako biyar cur a wuri ɗaya, kuma sau da yawa wurin shi ne ƙarƙashin rumbu, ko lungun da danshi ya kama, ko gefen makwararar ruwa.

Ɓawon ƙwai ba toshe yake ba. Yana da dubban ƙananan ƙofofi da ɗan da ke ciki yake shaƙar iska ta cikinsu. Idan uwa ta dawo daga kwata da laka da kashi a ƙafa ta hau ƙwai, ƙwayoyin cuta irin su E. coli kan bi waɗannan ƙofofi su shiga.

Dab da fitowarsa, ɗan agwagwa kan janye sauran gwaiduwar ƙwan zuwa cikin cikinsa ta cibiya. Ita ce guzurinsa na kwana biyu zuwa uku na farko. Idan ƙwayar cuta ta riga ta shiga gwaiduwar, ko kuma ɗan ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa cibiyar ba ta gama rufewa ba, guzurin ne ke ruɓewa a cikinsa, daga nan cutar ta bi jini. Irin wannan shi ke kawo kumburin ciki da warin cibiya, da mutuwa a makon farko.

Ta biyu ita ce Salmonella. Uwa kan iya ɗauke da ita ba tare da wata alama ba, ta zuba ta a cikin ƙwai ko a kashi. Ɓeraye ma na yaɗa ta a wurin abinci. Tana sa zawo da kasala, kashi ya manne wa ɗan a baya, wani lokaci ya kife kawai ya mutu. Wannan ƙwaya ba a kan tsuntsu take tsayawa ba. Yaron da ya yi wasa da ɗan agwagwa ya kai hannu baki na iya kamuwa da zawo da zazzaɓi, kuma 'yan ƙasa da shekara biyar sun fi shiga haɗari.

Ta uku, wadda ta fi suna a duniyar masu kiwon agwagi, ita ce Riemerella anatipestifer. An yi bayaninta a 1932 a gonakin agwagi na Long Island da ke jihar New York ta Amurka, inda manoma suka raɗa mata sunan sabuwar cutar agwagi. Ta fi kama masu mako ɗaya zuwa takwas. Tana shiga ta hanci ko ta wani ɗan rauni a ƙafa, ta bi jini ta kai zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa. Ruwan ido da na hanci, koren kashi, rawar kai, faɗuwa rigingine ana harba ƙafa, duk nata ne. Tana iya kashe biyar cikin ɗari, tana kuma iya kashe 75 cikin ɗari, gwargwadon tsaftar wurin da lafiyar tsuntsayen. Waɗanda suka tsira sukan tsumbure.

Akwai kuma Pasteurella multocida, mai kawo kwalarar tsuntsaye. Ita ta fi kama waɗanda suka ɗan tasa, kuma tana yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa da mushen da aka yar.

Me ya sa damina ta fi muni

Abin da ke ruɗar mu shi ne ƙarfin babbar agwagwa. Idan annobar kaji ta lokacin sanyi, wadda likitoci ke kira Newcastle, ta share akurki, agwagwa kan tsaya da ƙafarta. Sai muka ɗauka ɗanta ma haka yake. Ba haka ba ne. Gashin da ɗan agwagwa ke fitowa da shi ba ya hana ruwa shiga sosai, kuma jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. A makon farko yana buƙatar ɗumin da ya kai maki 30 zuwa 32 a ma'aunin zafi. Ruwan sama ɗaya na dare ya isa ya karya masa garkuwar jiki, ƙwayar cutar da ke jira ta samu ƙofa.

Yanzu a dubi inda muke sakin su. A cikin Gusau, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari zuwa Birnin Ruwa, kududdufin agwagwa shi ne kwatar ƙofar gida, inda ruwan wanke-wanke da na banɗaki ke haɗuwa. A ƙauyukan Tsafe, ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne ke cika da ruwa su kwanta har kaka, kuma agwagin unguwa duka a nan suke haɗuwa. A Bungudu da garuruwan da ke bakin gulbi, uwa kan ja 'ya'yanta kwana biyu da ƙyanƙyasa ta nufi fadama, cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Manyan agwagi na iya ɗauke da ƙwayar cuta a maƙogwaro ko a hanji suna yawo lafiya ƙalau. Ƙananan ne ke biya.

Sai abinci. A damina dusa da tsaki da tunkuza kan yi funfuna, funfunar kuma na fitar da wata guba da ake kira aflatoksin. An gano ta ne bayan da ta kashe 'ya'yan talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, sakamakon abincin da aka haɗa da gyaɗa mai funfuna. A cikin tsuntsayen gida ɗan agwagwa ne ya fi kasa jure mata. Tana lalata hanta, tana raunana garkuwar jiki. Dusar da muka ce ta lalace a ba agwagi, ita ke buɗe wa cuta hanya.

Kafso ba mafita ba ne

Abin da Gwaggo ta yi shi kowa ke yi. A aiki yaro kemis ya sayo kafso, a fasa a ruwa, a ajiye wa tsuntsaye. Ban ga laifinta ba, domin abin da ta sani ke nan. Amma ya kamata mu gaya wa juna gaskiya a kan wannan al'ada.

Na farko, ido ba ya rarrabe waɗannan cututtuka. Ko likita ya buɗe mushen, farar yanar da yake gani a kan zuciya da hanta kusan iri ɗaya ce tsakanin E. coli da Riemerella. Sai an kai ɗakin gwaji an raini ƙwayar, sannan a san wace ce, a kuma san maganin da take ji. Akwai ma ciwon hantar 'ya'yan agwagwa wanda ba bakteriya ke kawo shi ba, bairos ne, yana kashe su cikin sa'o'i da kai a lanƙwashe baya. Shi kam duk kafson da ke kemis ba zai taɓa shi ba. Haka murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna.

Na biyu, maganin da aka ba da shi babu awo, kwana ɗaya ko biyu a daina, ba ya kashe ƙwayar cuta. Horar da ita yake yi. Ƙwayar da ta saba da magani a jikin agwagwa ba ta tsayawa a can. Tana fita a kashi, ta shiga ƙasar tsakar gida, ta shiga kwata, ta shiga rijiyar da ba a rufe ba. Ranar da jariri ya kamu da ita aka kai shi asibiti, maganin da ya kamata ya yi aiki sai ya ƙi.

Wannan ba hasashe ba ne. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019 kaɗai, kuma yankin da abin ya fi tsanani, idan aka kwatanta da yawan jama'a, shi ne Yammacin Afirka. Wato mu.

Ana ta kai, wa yake ta kaya?

Na san abin da wani mai karatu zai ce. Jihar da ake sace mutane a hanyar Tsafe zuwa Gusau, manomi ba ya iya zuwa gonarsa sai da fargaba, ita za a zo ana yi wa maganar 'ya'yan agwagwa?

Tambayar tana da ƙarfi, kuma ba wanda zai ce agwagwa ta kai ran mutum. Amma a duba abin da rashin tsaron ya bari a gidaje. Shanu sun tafi. Tumaki da awaki, wasu an kore su, wasu an sayar an biya kuɗin fansa. A watan Satumban 2021, lokacin da gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako ta hana safarar dabbobi, kowa ya ga yadda gidan da ba shi da ƙaramin abin sayarwa ya shiga uku. Abin da ya rage a hannun mata da yawa, har da waɗanda suka gudo daga ƙauye suka raɓa a gefen Gusau, shi ne kaza da agwagwa da zabo. Ba sa buƙatar a kai su daji kiwo. Ana iya sa su a kwando a gudu da su.

Toron agwagwa ya fi zakara nauyi, kuma uwa ɗaya na iya yin kwanci fiye da sau ɗaya a shekara. Ga matar da aka kashe wa miji, bambancin raya 'ya'ya uku da raya goma shi ne bambancin biyan adashi da fita daga adashi, shi ne kuɗin maganin zazzaɓin yaro, shi ne kuɗin makarantar Islamiyya. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne bai taɓa zama a gidan da babu namiji mai nema ba.

Abin da matar gida za ta iya yi tun yau

Tun kafin kwanci, a gyara wa uwa wuri busasshe, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa. Ƙwan da ya fashe ko ya ɓaci da kashi sosai a cire shi. Kada a wanke ƙwai da ruwan sanyi, domin hakan na goge kariyar da ke jikin ɓawon, yana kuma ja wa ƙwayoyin cuta hanya zuwa ciki.

Idan an ƙyanƙyashe, a killace uwa da 'ya'yanta na mako uku zuwa huɗu a wurin da ruwan sama ba ya dukansa. Wannan kaɗai ya raba su da kwata, da sanyi, da shirwa. Shimfiɗar da ta jiƙe a kwashe a sa sabuwa.

Ruwan da za a ba su ya zama irin wanda mutanen gida ke sha, a riƙa sauyawa safe da yamma ana wanke mazubin. Zurfinsa ya isa su tsoma baki da hanci su wanke ido, amma kada ya kai su shiga ciki su yi wanka. 'Yan duwatsu a cikin kasko na magance wannan.

Duk dusar da ta yi wari ko ta dunƙule a zubar. Agwagwar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida. Ɗan da ya fara kasala a raba shi da sauran nan take. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a juji kare ya ja, kada a jefa a kududdufi. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa tsuntsaye. Idan kuwa mutuwar ta zo da yawa lokaci ɗaya, musamman idan har manya na faɗuwa, a sanar da malamin dabbobi, kada a yanka a ci.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗin da ya kai na kafson da ake saye.

Abin da ya rage wa hukuma

Matar ƙauye za ta iya share akurki, amma ba za ta iya gano sunan ƙwayar cuta ba. A nan aikin hukuma ya fara, kuma ba sai an gina sabon abu ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana nan tun 1924. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya duk suna da tsangayar likitancin dabbobi, kuma Gusau na tsakaninsu a kan hanya ɗaya. A cikin gida akwai Kwalejin Aikin Gona da Kiwo ta Bakura, akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau.

Abu na farko da nake roƙon gwamnatin Gwamna Dauda Lawal shi ne a mayar da asibitocin dabbobi na Gusau da Tsafe da Bungudu wuraren da mace za ta iya aiko da mushen ɗan agwagwa kyauta, a sa shi a akwatin ƙanƙara, a tura ɗakin gwaji, a kuma dawo mata da amsa. Damina biyu ana yin haka, jihar za ta san ƙwayoyin da ke kashe tsuntsayenta da magungunan da suka daina aiki.

Wannan sani shi ne tushen komai, har da rigakafi. Ƙasashen da ke kiwon agwagi da yawa suna da allurar rigakafin Riemerella, amma ƙwayar tana da nau'i fiye da 20, kuma rigakafin wani nau'in ba ya karewa daga wani yadda ya kamata. Duk wanda ya sayo allura bai san nau'in da ke garinsa ba ya zubar da kuɗin jama'a.

Na biyu, masu kiwon agwagi mata ne, da yawansu kuma ba sa zuwa taron manoma a ƙofar fada. A ɗauki malaman gona mata da za su shiga gida-gida, a kuma sa wannan bayani a shirye-shiryen noma na rediyo kafin ruwan farko ya sauka, ba bayan an gama asara ba.

Na uku, duk shirin tallafin da zai raba wa mata tsuntsaye ya haɗa da koyar da killacewa da tsaftar ruwa. Raba 'ya'yan tsuntsaye babu wannan tamkar zuba ruwa ne a kwando. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙira a 2024 ita ma ta tuna cewa kiwo bai ƙare a kan saniya ba.

Na huɗu, masu kemis da masu sayar da maganin dabbobi a kasuwanni su ji tsoron Allah. Idan yaro ya zo ya ce a ba shi kafso na agwagi, amsar da ta dace ita ce a tura shi wurin malamin dabbobi.

Kwanakin baya na sake komawa wurin Gwaggo. Agwagwar ta sake hawa kwanci, ƙwai 13. Ni da jikokinta muka ɗaga mata sheƙa a kan tubali, muka zuba ɓuntu, muka kewaye wani lungu da tsohon asabari inda za a killace 'ya'yan idan sun fito. Gwaggo na zaune tana kallonmu, ta ce, "To ɗan nan, mun yi namu. In sun sake faɗuwa fa, wa zan kai wa?"

Tambayar ba tawa ba ce ni kaɗai. Tana jiran amsa daga Gusau, kuma kwana 35 ba su da nisa.